Dakashi

Ƙarfe biyun dare a Zawan,
ruwan Agusta na dukan kwanon rufi kamar mai bin bashi.
Inna Kangyang ta riƙe tocila da haƙora,
hannuwanta biyu cikin tsumma.
Baƙar Kunne na kwance a kan karan acca tana nishi.
Ta sauke goma sha ɗaya,
da muka ce an gama sai ta ƙaro wani
da bai cika tafin hannuna ba.

Shekara biyu na yi a Vom ina wanke kwalaben gwaji,
abin da kunnena ya tsinto can shi nake zuba mata:
ɗan mutum tun a ciki ake ɗaura masa guzuri,
garkuwar uwa ta bi cibiya ta shiga jininsa.
Ɗan alade kuwa katanga shida ce tsakaninsa da jinin uwa,
garkuwa ba ta tsallakewa.
Yakan faɗo duniya da masu gadinsa,
amma ko ɗaya bai taɓa ganin fuskar ɓarawo ba.

Inna ta cire tocila daga baki.
"Ke da Vom ɗinki. Matso min kan nonon nan."

Na matsa. Ga shi, ruwan ɗorawa,
mai kauri, mai danƙo a yatsa.
Duk ciwon da Baƙar Kunne ta yi ta tashi
yana rubuce a ciki:
zawon bara,
tarin da ya kama ta lokacin tonon dankali,
allurar da ta sa ta cije ni a gwiwa.
Wasiƙa ce, da sunan kowane maƙiyi da kamanninsa.

Hanjin jariri rariya ce a daren nan,
wasiƙar na ratsawa ɗungum ta faɗa jini.
Jibi war haka ramukan sun toshe.
Wanda ya makara zai sha, zai ƙoshi,
amma saƙon ya tsaya a bakin ƙofa.

Sha ɗaya sun kama, suna ture juna da ƙeya.
Autan na can gefe, sanyin Jos ya shiga ƙashinsa,
ko kukan kirki babu.
Na zare allura daga sirinji,
na ɗiga masa a gefen harshe.
Ɗigo. Jira. Maƙogwaro ya motsa. Ɗigo.
Inna ta karɓe shi ta cusa cikin suwaitarta.

Ba ta manta shekarar zazzaɓin nan ba, ni ma haka,
wanda likitan dabbobi ya buɗe jaka, ya rufe, bai ciro komai ba.
Cutar ba ta kokawa da masu gadi.
Takan bari su haɗiye ta,
ta yi shimfiɗa a cikinsu ta hayayyafa,
mai tsaron gida ya koma mai raba ta ɗaki ɗaki.
Kunnuwa suka yi ja, saifa ta kumbura.
Baba Chollom ya binne goma sha tara bayan shingen ƙyarana,
ya zauna a kan shebur har rana ta faɗi.
Tun ranar akwai daron magani a ƙofar garkenmu,
takalmin dillali ba ya wuce nan,
ko na fasto.

Wajen asuba ruwa ya tsagaita.
Wani abu ya yi motsi a ƙirjin Inna,
ya kama yatsata ya ja, da ƙarfin da ban zata ba.
Muka ture ƙaton cikinsu, muka ba auta nonon gaba.

Inna na ƙirga su da leɓe,
na san kuɗin makarantar Nvou take ƙirgawa.
Ta ce, "Kar ki sa masa suna sai ya kwana uku."
Na ce to.
Na riga na sa.